Dokar da Aka Zartar Cikin Minti Bakwai

Shirin namu na yau zai kai mu ƙasar Meziko, inda hukumomin kula da gasar kasuwanci suka daɗe suna fafatawa da masu hannu da shuni.

A watan Disamba na 2005, majalisar wakilan Meziko ta amince da wata dokar watsa labarai cikin minti bakwai kacal, babu ɗan majalisa ko ɗaya da ya ƙi. Jama'a suka laƙaba mata sunan Televisa, katafaren gidan talabijin da ya fi kowa cin moriyarta. Sai a 2007 Kotun Ƙoli ta soke wasu sassanta.

A harkar waya ma haka abin yake. A wancan lokacin, kamfanin América Móvil na attajiri Carlos Slim yana riƙe da kusan kashi 70 cikin ɗari na layukan salula. A 2011 hukumar gasa ta ci tararsa kusan dala biliyan ɗaya, amma shekara na zagayowa aka janye tarar bisa wasu alƙawura. Duk hukuncin da aka yanke, lauyoyi sai su garzaya kotu su dakatar da shi. Talaka mai sayen katin waya shi ke ɗaukar nauyin.

Gyaran tsarin mulki na 2013 ne ya sauya lamarin. An kafa hukumomi biyu masu cin gashin kansu, COFECE mai kula da gasa da IFT mai kula da sadarwa. Duk mai son zama kwamishina sai ya zauna jarrabawa, sannan majalisar dattawa ta tabbatar da shi, wa'adinsa shekara tara, ya zarce na shugaban ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar ganawa: wakilin kamfani ba zai keɓe da kwamishina ba. Dole a gayyaci sauran kwamishinoni, a naɗi tattaunawar, a rubuta sunayen waɗanda suka halarta. Kamun ƙafa ba ya son shaidu.

Daga Janairun 2015 aka daina cajin ƙarin kuɗi kan kiran nesa a cikin ƙasar, farashin kira kuma ya faɗi ƙwarai.

Sai dai a ƙarshen 2024 majalisa ta amince da rushe hukumomin biyu, ta mayar da aikinsu ga sababbin hukumomi da ke ƙarƙashin ɓangaren zartarwa. Gwamnati ta ce tsimin kuɗi take yi. Masu suka kuwa na fargabar an sake buɗe wa manyan kamfanoni ƙofar bayan gida.