Jitar da aka sassaƙa daga katakon murhu

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo ya taɓa jin muryar ƙungiyar Queen ko da bai san sunanta ba, domin waƙoƙinta biyu, We Will Rock You da We Are the Champions, sun zama tamkar taken filayen wasa tun fitowarsu a 1977. A ƙarshen ta farkon, bayan an sha tafi da buga ƙafa, sai wata jita ta kutso da kuka mai kauri. Mai kaɗa ta shi ne Brian May, Bature ɗan Ingila da aka haifa a 1947. Jitar kuwa ba a kanti aka sayo ta ba. Shi da mahaifinsa Harold suka ƙera ta a gidansu da ke Feltham, a gefen Landan, kuma da ita ya yi kusan dukkan aikinsa na kiɗa fiye da shekara hamsin.

Dalilin ƙera ta bai wuce rashin kuɗi ba. A 1963 Brian yana ɗan shekara 16, ransa na kan jitar Fender Stratocaster, amma farashinta ya fi ƙarfin gidansu. Harold injiniyan lantarki ne mai aikin hannu, sai suka ce bari su yi tasu. Aikin ya ci kusan shekara biyu, da zarto da kurfi da wuƙa da takardar goge katako, kuma abin da suka kashe bai wuce fam takwas ba. Wuyan jitar daga katakon mahogani ne, dangin maɗaci, wanda aka ciro daga kan wani tsohon murhun ɗumama ɗaki da ya haura shekara ɗari. Ƙwari sun riga sun huda shi, sai Brian ya toshe ramukan da tsinken ashana. Tsakiyar jikinta daga wani tsohon tebur ne, sauran kuma katakon haɗi ne mai arha da aka lulluɓe da fallen mahogani aka shafa masa jan fenti mai sheƙi, abin da ya sa ake kiranta Red Special. Ɗige-ɗigen da ke nuna wa makaɗi gidajen yatsu a wuyan, maɓallan riga ne daga akwatin ɗinkin mahaifiyarsa.

Inda hikimarsu ta fi fitowa shi ne wajen hannun lanƙwasa sauti, wato ɗan ƙarfen da makaɗi ke dannawa domin tsirkiyoyi su saki, sautin ya gangara sannan ya dawo. Matsalar irin wannan hannu a jitocin wancan zamani ita ce tsirkiyoyin ba sa komawa daidai inda suke, sai jita ta kauce daga saiti a tsakiyar waƙa. Su kuwa sun ɗora nasu a kan kaifin wani ƙarfe mai kama da bakin wuƙa domin rage gogayya, suka sa sifirin biyu na bawul ɗin tsohon babur su riƙe jan tsirkiyoyin, kowace tsirkiya kuma suka ba ta ɗan gare da take gangarawa a kai. Hannun kansa daga kariyar keke aka yanko shi, aka ƙawata bakinsa da guntun allurar saƙa. Wanda ya ji jerin kayan nan zai ɗauka abin wasan yara ne, alhali tsarin ya fi na kamfanoni da dama na lokacin riƙe saiti.

Jitar lantarki ba ta da wata murya ta a zo a gani sai an jona ta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maɗaukan sauti, kowanne maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki a cikin wayar, shi ne ke bin igiya zuwa amfilifaya. Da farko Brian ya naɗa nasa da hannu, ba su gamsar da shi ba, sai ya sayi guda uku na kamfanin Burns, ƙirar Tri-Sonic. Ya ba kowanne makunni biyu: ɗaya na kunnawa da kashewa, ɗaya na juya alkiblar lantarkin. Idan aka kunna biyu suna fuskantar alkibla ɗaya, sautinsu na taruwa ya yi kauri. Idan aka juya ɗaya, sai su cinye wa juna ƙasan sautin, a bar wani siririn kuka mai tsini. Da irin wannan saiti ya kaɗa fitaccen tsakiyar waƙar Bohemian Rhapsody a 1975.

Akwai kuma wani abu da suka yi da gangan wanda masu ƙera jita ke gudu. Kowa ya san ƙarar da lasifika ke yi a wurin taro idan makirufo ya matso kusa da ita: sautin da ya fita ya sake shiga, ya sake fita, har ya zama ihu. Brian ya bar rami a cikin jikin jitarsa domin iskar da lasifika ke turowa ta girgiza katakon da tsirkiyoyin, sauti ɗaya ya daɗe yana kuka bai mutu ba. Abin da ke ɓata wa mai jawabi taro, shi ya mayar abin sarrafawa.

Ba ya kaɗa tsirkiya da ɗan fallen roba kamar sauran makaɗa. Da sisi yake kaɗawa, tsohon kwabon Ingila mai tsaga-tsaga a baki. A ganinsa roba na lanƙwashewa ta raba yatsa da tsirkiya, ƙarfe kuwa yana isar da duk motsin da aka yi, idan kuma ya karkata shi sai tsagar bakin ta goga tsirkiya ta ba da wani ɗan ƙaiƙayi a farkon sauti. An daina karɓar sisi a kasuwar Ingila tun 1980, shi dai bai daina amfani da shi ba.

Sauran sirrin a wurin wani ya samo. Yana saurayi ya tsaya bayan wasa a kulob ɗin Marquee na Landan ya tambayi Rory Gallagher, makaɗin jita ɗan Ireland, yadda yake samun sautinsa. Gallagher ya nuna masa abu biyu: amfilifaya ƙirar Vox AC30, da wani ɗan akwatin ƙara kaifin sauti mai suna Rangemaster. AC30 tsohuwar fasaha ce, mai aiki da kwalaben lantarki irin na rediyon da, ƙarfinta wat 30. Idan aka ƙure mata murya kwalaben na cika su tumbatsa, sautin ya daina fita tas, ya yi kauri da ɗumi. Ɗan akwatin kuma yana rage ƙasan sautin ya tura samansa da ƙarfi, don kada kaurin ya zama laka. Saboda haka Brian yakan bar amfilifayar a ƙure, ya riƙa sarrafa komai daga abin murɗa murya da ke jikin jitar: ya rage, sauti ya fito garau, ya ƙara, ya yi ruri. A dandali akan jera masa AC30 da yawa, amma yawanci uku ke aiki. Ta tsakiya na ba da abin da ya kaɗa nan take, na gefe biyu kuma na maimaita shi bayan ɗan jinkiri, sai mutum ɗaya ya riƙa amsa wa kansa kamar makaɗa uku. A waƙar Brighton Rock ake jin wannan sosai.

A nawa ganin, abin da ya fi jitar ban mamaki shi ne wata 'yar amfilifaya da ake kira Deacy. John Deacon, mai kaɗa jitar bes ta ƙungiyar, ɗalibin injiniyan lantarki ne a wancan lokaci. A 1972 ya hangi wayoyi na leƙowa daga wata bola a titin Landan, ya zaro allon wata tsohuwar rediyo, ya saka shi cikin akwatin ƙaramar lasifika ya jona masa batir. Ba ta da abin murɗawa ko ɗaya. Da aka haɗa ta da Red Special da ɗan akwatin nan, sai ga sauti mai kama da goge, wani lokaci kamar algaita ko kakaki. Da ita Brian ya riƙa ɗaukar layi bisa layi a situdiyo har su zama kamar taron mabusa. A waƙar Good Company ya kwaikwayi ƙungiyar jaz sukutum, da kayan busarta, kuma duk jita ce. Abin ya kai mutane na zaton na'urar sintasaiza ce, har ƙungiyar ta riƙa rubutawa a bangon faya-fayanta na shekarun 1970 cewa babu ita a ciki. Sai a faifan The Game na 1980 suka fara amfani da ita.

Red Special ta hau dandalin wasan Live Aid a Wembley a 1985, ta hau rufin fadar Buckingham a 2002. Zufa da tafiye-tafiye sun cinye ta, har a 1998 aka ba Greg Fryer, wani maƙerin jita ɗan Ostareliya, ya yi mata gyara na tsanaki. Kamfanonin Guild da Burns sun fitar da kwafinta, daga baya shi Brian ya kafa kamfaninsa yana sayar da irinta. Kwaikwayon jitar bai ba su wuya kamar na Deacy ba. Wannan sai da injiniyoyi suka shafe shekaru suna auna kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, suna neman irin tsofaffin tiransistocin da aka daina ƙerawa, kafin su fito da wadda Brian ya yarda ta yi kama da ta asali.