Taswirar Ambaliya: Inda Ruwan Gulbi Ya Ke Kaiwa

Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka, ya bi ta ƙasar Bukkuyum da ta Gummi, ya wuce Jega a Jihar Kebbi, sa'an nan ya haɗu da Gulbin Sakkwato. A fadamarsa mu ke noman shinkafa da damina, mu yi lambu da rani. Amma gulbin nan da ya ke ciyad da mu, shi ne kuma ya kan cinye mana amfani. A watan Agusta na 2024 ruwa ya shiga garin Gummi, ya rushe gidaje masu yawa, ya kwanta bisa gonaki.

Kowace damina tambayarmu ɗaya ce: in gulbi ya cika, ina ruwan zai tsaya? Dattawa sun san wani abu. Su kan ce, "Shekara kaza ruwa ya kawo gindin tsamiyan nan." To, yanzu akwai dabarar da a ke rubuta wannan sani a takarda, don fadama duka. Sunan takardar taswirar ambaliya. Abu biyu a ke haɗawa a yi ta.

Na farko ma'aunin ruwa. Wannan wani dogon allo ne da a ke kafawa a bakin gulbi ko a jikin gada, an rubuta masa lambobi daga ƙasa zuwa sama. Kullum mai lura da shi ya kan je ya duba lambar da ruwa ya taɓa, ya rubuta a littafi tare da kwanan wata.

Na biyu hoto daga sama. Akwai na'urori da mutane su ka ƙera su ka harba sama, a na kiransu tauraron ɗan'adam. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972. Na yanzu su na tafiya kamar kilomita 700 bisa kawunanmu, kowane ɗaya kuwa ya kan komo kan wuri guda bayan kwana 16, ya ɗauki hoto. Nijeriya ma ta sami nata na farko a 2003. Akwai wani irin haske da idonmu ba ya gani. Ruwa ya kan shanye shi, ganye kuwa ya mai da shi. Saboda haka a irin wannan hoto ruwa ya kan fito baƙi ƙirin, gona ta fito da haske.

Sai dai lokacin ambaliya shi ne lokacin hadari, gajimare ya kan rufe ƙasa. Don haka Turai su ka harba wani mai suna Sentinel-1 a 2014. Shi ba ya jiran rana. Ya kan aiko da saƙo ƙasa, ya saurari abin da ya komo, kamar yadda mu ke jin amsa-kuwwa a gindin dutse. Saƙon na ratsa gajimare, dare da rana. In ya faɗa kan ruwa kwantacce sai ya zame ya yi gaba, ba ya komowa, wurin ya fito baƙi.

To, ga yadda a ke haɗa su. Misali, a ce littafi ya nuna ran 10 ga Agusta ruwa ya na kan lamba 3. Sai ma'aikaci ya nemo hoton wannan rana, ya zana iyakar ruwa. Ya nemo hoton ranar da ruwa ya kai lamba 4, ya zana iyakarsa da wani launi. Haka kuma lamba 5. In ya tara na shekaru da yawa, sai taswira ta nuna fadama hawa-hawa: ga inda ruwa ke ci kowace shekara, ga inda sai gulbi ya cika maƙil, ga tudun da bai taɓa hawa ba.

Kun ga amfaninta. Inda ruwa ke kwanciya kullum, shinkafa mai jure ruwa ta dace. Dawa da gero sai a kai su jigawa. Rumbu da sabon gida da rijiya, a yi su a tudu. Kuma da ya ke Anka ce a sama, ruwan da ya wuce ta shi zai iske Bukkuyum da Gummi. In labari ya zo gulbi ya hau a Anka, mutanen ƙasa sai su dubi taswira su kwashe kaya tun da wuri. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma kada mu ɗauka hoto ya san kome. Ruwan da ya ɓuya ƙarƙashin itatuwa, ko cikin doguwar shinkafa, ko tsakanin gidaje, ya kan ɓace masa. Wani lokaci ruwa ya kan hau ya sauka tauraron bai zo ba. Gulbi kuma ya kan sake hanya. Saboda haka dole a kawo taswira gaban mai gari da dattawa da manoma, su gyara inda ta yi kuskure.

Hukumar NIHSA, mai lura da ruwan gulabe, ta kan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara. Mu riƙa sauraronsa a rediyo, mu tambayi malamin gona ko akwai taswirar fadamarmu. Mu kuma, ba sai mun jira ba. Mu kafa sanda mai lamba a bakin gulbi, ɗaya daga cikin 'yan ajinmu ya riƙa rubutawa kullum daga bakin tudu, kada ya shiga ruwa. Wanda ya iya karanta lamba da kwanan wata ya iya wannan aiki. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu a ke haɗawa a yi taswirar ambaliya?
2. Me ya sa a ke bukatar tauraron da ya ke gani ta cikin gajimare?
3. A garinku, ina ruwa ya tsaya a babbar ambaliyar da ku ka sani? Ku rubuta sunan wurin da shekarar.