Abin da ya kamata ku sani game da fulogin injinku

Injin ban ruwa ya ƙi tashi, janareta yana tari, an ja igiya har kafaɗa ta yi tsami. Kafin a ɗora injin a kan babur zuwa wurin bakanike a Anka ko Gummi, a fara duba fulogi, domin sau da yawa a nan matsalar take.

Aikin fulogi shi ne ba da tartsatsin wutar da ke kunna fetur a cikin inji. A bari inji ya huce, a zare hular fulogin, a goge ƙurar da ke kewaye da ramin don kada ta faɗa ciki, sannan a kwance shi da sifanarsa. Launin bakinsa zai gaya maka lafiyar injin. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe, abin da ya zama ruwan dare a lokacin hunturu. In ya jiƙe da mai, ko dai an cika baƙin mai a haɗin ƙaramin janareta irin Tiger, ko ringi ya cinye. Fari fat kuwa zafi ne ya yi yawa, a nemi bakanike. Wanda ya wanke fulogi bai wanke matatar iska ba, zai sake kwance shi ba da jimawa ba.

A kankare fulogin da buroshin waya, a bar shi ya bushe. Tazarar bakinsa a injin Honda GX160, wanda ke amfani da NGK BPR6ES, milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. In farin tangaran da ke jikin fulogin ya tsage, ba ya gyaruwa, sai sabo. Wajen mayarwa a fara murɗawa da hannu, sai ya zauna a ɗan ƙara da sifana. Ɗauri da ƙarfin tsiya shi ke cinye zaren inji, kuma gyaran wannan ya fi kuɗin fulogi nesa ba kusa ba.

Akwai wata magana da ta fi duk wannan nauyi a wurinmu. Masu gyara sun saba hure fulogi da baki. A Dareta, Abare, Bagega da Yargalma ta Bukkuyum, ƙurar dutsen zinariya ce ta kawo gubar dalma da aka gano a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400, har likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka zauna a Anka. Injin da ya yi aiki kusa da wurin niƙa dutse yana ɗauke da wannan ƙura a matatarsa da jikinsa. Kada a kai fulogi baki, kada a kakkaɓe matata a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A yi gyaran a waje, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a bar shi can, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro.