Tsintsiyar 'Yan Makaranta da Kwatocin Lafia

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato ta kuma mai da Lafia hedkwatarta, garin nan ya ɗauki kayan da ba a shirya masa gammonsu ba. Lafiyar Barebari, wadda Muhammadu Dunama ya kafa, da can gari ne na sarauta da cinikin doya da riɗi a bakin hanyar jirgin ƙasa. Amma da ma'aikatun gwamnati suka sauka, daga baya kuma jami'ar tarayya ta biyo, sai unguwanni irin su Bukan Sidi da Tudun Gwandara da Sabon Pegi suka cika suka batse, gine-gine suka riga magudanan ruwa isa wurin. Ita kanta sharar ta sake hali. Jujin da, toka ce da ganye da kashin dabbobi, abin da manomi ke kwasa da murna ya kai gona ya zama taki. Na yanzu kuwa leda ce da robar lemo da ledar ruwan sha, waɗanda ko sun shekara goma a ƙasa ba su ruɓewa, sai dai iska ta yi ta yawo da su har su sami kwata su toshe ta.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Dattawa suna tune da duba-gari na zamanin Turawa, wanda yake shiga gida ya leƙa randa ya duba masai. Kuma a zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, cikin shirin yaƙi da rashin ɗa'a, aka ƙaddamar da sashen tsabtar gari a Kano a watan Yuli na 1985. Daga wannan tushe ne al'adar Asabar ɗin ƙarshen wata ta fito, wadda har yau ake bi a Lafia: a tsai da zirga-zirga da safe har ƙarfe goma, a rufe shaguna, wanda ya saɓa kuma ya gurfana gaban kotun tafi-da-gidanka. Sai dai duk mai adalci ya san cewa hantsi guda a wata ba ya isar garin da ke zubar da shara kullum, balle ma da yawa daga cikin magidanta sun ɗauki wannan safiya lokacin ramuwar barci, suka bar tsintsiya a hannun mata da yara.

To, yaran nan su ne abin lura. Duk wanda ya bi ta ƙofar makarantar firamare da sassafe zai tarar da su a sunkuye, wasu na share aji, wasu na tsintar takardu a fili, kafin a kaɗa ƙararrawa. Da yamma kuma, waɗanda ke zuwa Islamiyya ko gaban malamin zaure suna karanta Ahalari da Ishmawi, inda hukuncin ɗahara ya gabaci hukuncin salla, suna haddace cewa ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari bai halatta a yi alwala da shi ba. Abin da ke damuna shi ne, yaron da ya san wannan hukunci sarai, ya kuma share ajinsa fes, shi ne zai fito ya tsallake baƙin ruwan kwata a ƙofar gidansu ba tare da ya ga alaƙar karatunsa da abin da ya tsallake ba, domin ba wanda ya taɓa nuna masa cewa tsabta ba ta tsaya a katangar makaranta ko a bakin buta ba. Ranar da malami ya fito da ajinsa waje, suka bi layin da makarantar take suna tsince leda, suna cike ramukan da ruwa ke kwanciya, suna shiga gida gida da sallama suna roƙon iyaye mata kada a zuba shara a magudana, ranar ce ilmin ya haɗu da aiki. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa gusar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma haƙƙin maƙwabci wajibi ne. Yaran Kirista da ke zaune kan benci ɗaya da su, Eggon ne ko Alago ko Migili, su ma an hore su da ƙaunar maƙwabci, saboda haka ba sabon addini ake nema a koya wa kowa ba.

Fa'idar aikin kuwa ta likitanci ce zalla. Idan kwata ta toshe, ruwa ya malala ya kwanta a gefen hanya, sauro yakan yi ƙwai a ciki, cikin kwana bakwai zuwa goma ya tashi da fikafikansa. Ga shi Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Idan ambaliya ta ɗebi bayan gida ta zuba a rijiya, amai da gudawa ke nan, annobar da a 2021 ta hallaka fiye da mutum 3,000 a ƙasar nan. Juji kusa da gida kuma masaukin ɓera ne, shi kuwa ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa da fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Borno, wadda kuma Jihar Nasarawa ta sha fama da ita da rani. Yaron da aka fahimtar da wannan silsila ba zai sake kallon ledar da ya yar a matsayin ƙaramin abu ba, kuma sau da yawa nasihar da uba zai ƙi ji daga bakin jami'i, yakan ji kunyar ƙin ta daga bakin 'yarsa.

Amma fa akwai sharuɗɗa, in ba a cika su ba alherin sai ya koma zalunci. Na farko, a daina mai da shara horo. Muddin wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake miƙa wa tsintsiya, to, muna koya wa yaro cewa tsabta wulaƙanci ce da mai laifi ke ɗauka. A makarantun Japan kowane ɗalibi yana da rabonsa na sharar aji a kullum, ɗan attajiri da ɗan talaka, ba don ya yi laifi ba. Mu ma muna da gayya tun kaka da kakanni, aikin da ake yi da kiɗa da raha. Haka nan kada a bar tsintsiya ga 'yan mata kaɗai samari na tsaye. Kada kuma a tura yaro cikin kwata mai zurfi, ko a bar shi ya taɓa fasasshiyar kwalba da tsohuwar allura da hannu tsirara; wannan aikin manya ne masu shebur da safar hannu da takalmin roba. Ƙona leda ma ba mafita ba ce, domin hayaƙinta guba ne ga ƙirjin yaran da suka tara ta.

Sharaɗi mafi nauyi yana wuyan hukuma. Ƙarfin yara yana ƙarewa ne a inda suka tara tsibin shara. Idan motar kwasa ba ta zo ba, awaki su barbaza, ruwan sama na farko ya mai da sauran cikin kwatar da aka yashe, sai yaro ya koyi darasi mafi muni, wato cewa wahalarsa banza ce. Don haka ya kamata shugaban makaranta, kafin ya fito da ɗalibi ko ɗaya, ya zauna da mai unguwa da ƙungiyar iyaye da malamai, su nemi alkawarin mota daga hukumar kwashe shara, su tsai da rana da wurin tarawa, kuma su sa babban aikin cikin watan Maris, kafin damina ta sauka a Afrilu.