Daidaita Shigar Iska da Fitarta a Akwatin Kwamfuta: Nazari a kan Ƙasar Bagudo

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ya kamata a daidaita iskar da ke shiga akwatin kwamfuta da wadda ke fita daga cikinsa. Mun ɗauki Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, a matsayin misali. Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, lafiyar na'urorin makarantu ta zama abin da makomar ɗalibi ta rataya a kai.

Yanayin Ƙasa

Kwamfuta tana da maƙiya biyu a garuruwa irin su Bagudo da Ka'oje da Illo da Tsamiya. Na farko shi ne ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Na biyu kuwa zafin bazara ne, wanda kan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Ƙurar da ta taru da hunturu ita ce ke toshe hanyar iska da bazara, daidai lokacin da aka fi bukatar sanyi.

Yawan Iskar da Ake Bukata

Kusan duk lantarkin da kwamfuta ta sha, zafi yake komawa. Alal misali, na'urar da ke shan wat 200 tana bukatar iska kimanin kubik mita 60 a kowace awa, in ana son iskar da ke fita kada ta ɗara ta ɗaki da fiye da digiri 10. Fanka ba ta iya sanyaya na'ura ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kusanci digiri 95 zuwa 100, takan rage saurinta da kanta, wani lokaci ma ta mutu ana cikin aiki.

Tsari Biyu

Idan fankokin fitarwa sun fi na shigarwa ƙarfi, matsin iska a cikin akwati yakan ragu, sai iska ta riƙa kutsowa ta kowace kafa, ɗauke da ƙurar da ba a tace ba. Idan kuwa na shigarwa suka ɗan rinjaya, iska takan riƙa tsiyaya waje ta waɗannan kafofi, wato ƙura ba ta da mashiga sai ta rariyar tacewa. A ganinmu tsari na biyu ne ya dace da wannan yanki: fankoki biyu masu faɗin milimita 120 a gaba suna shigarwa ta rariya, ɗaya a baya yana fitarwa.

Sai dai rariya kanta tana rage ƙarfin iska. Da zarar ta toshe, tsarin yakan juye ya koma na farko, alhali fankoki suna ta juyawa. Ana iya gane haka da turaren tsinke: a kara shi kusa da wata kafa a bayan akwati, nesa da fanka. In hayaƙi ya shige ciki, to rariya ta toshe.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarar a ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a bar tazara tsakaninta da bango, a kuma kakkaɓe rariya kowane mako da hunturu. Haka nan ya kamata a buɗe akwati a share shi a ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya kankama.