Yadda A Ke Koyon Zanen Fuska Da Fentin Mai

Kowa ya san yaron da ke koyon ɗinkin riga ba ya farawa da ƙago tasa aska. Rigar ubangidansa ya kan shimfiɗa a gaba, ya yi ta bin zare ɗaya ɗaya har hannunsa ya faɗa. To, haka masu zanen sura na ƙasashen Turai su ke koyon sana'arsu. Su kan zauna gaban aikin wani gwani na dā, su kwaikwaye shi.

Ga misali. Akwai wani gwani mutumin Sifen, sunansa Diyego Belaskes, shi ne mai yi wa Sarki Filibus na Huɗu zane. Cikin 1650, sa'ad da ya ke birnin Rum, ya zana bawansa, wani wankan tarwaɗa wai shi Huwan de Fareha, wanda ke taya shi aiki. Ya zana shi ya ɗaga kai kamar ɗan sarki, da farar kwala a wuya. A shekaran nan ya rubuta masa takardar 'yanci, bisa sharaɗin ya ƙara shekara 4 yana yi masa aiki. Huwan kuwa shi ma ya zama mai zane, har akwai aikinsa na 1661 a gidan ajiyar zane na Madrid. Surar tasa yanzu tana birnin New York, a Amurka.

In kana so ka kwaikwaye ta, ga yadda za ka bi.

Da fari ka ɗaure ƙyalle mai kauri jikin katako, ka shafe shi da farin shafe, ya bushe. Sa'an nan ka ja layuka tsaye da kwance bisa hoton surar, ka ja irinsu bisa ƙyallenka. Da gawayi za ka fid da siffar kai, gida gida, don kada ido ko hanci ya kauce daga muhallinsa.

Na biyu, ka ɗauki launi guda mai kamar ƙasa, ka tsinka shi, ka cika wuraren inuwa. Ka ɗan runtse ido ka dubi surar. Ƙananan abubuwa za su ɓace, saura haske da duhu kaɗai. Su ne ke sa fuska ta taso kamar mai rai. Ka fara da duhu, ka ƙare da haske. Ɗigon farin da ke cikin ido shi ne na ƙarshe.

Na uku, ka kiyaye wannan doka: shafen ƙasa mai kaɗan, shafen bisa mai da yawa. Dalili kuwa, fenti mai yawan mai ya fi jinkirin bushewa. In ka sa shi ƙasa, na bisa ya riga shi bushewa, lalle aikin ya tsattsage. Fentin mai ya kan yi kwanaki kafin ya taɓu, saboda haka kada ka yi garaje. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu guda ya rage. In ka gama, ka rubuta a bayan ƙyallen cewa kwaikwayon Belaskes ne. Wanda ya sayar da kwaikwayo da sunan na asali, zamba ya yi. Amfanin aikin nan shi ne idonka ya koyi gani, hannunka ya koyi bi. Ran da ka zaunar da ɗan'uwanka za ka zana shi, ran nan za ka ga ribar wahalarka. Da koyo a kan iya.