Jirin da Ke Kayar da Tsofaffi

A gidaje da yawa labarin iri ɗaya ne. Baba ya yunƙura daga shimfiɗa zai yi alwalar asuba, sai a ji ya dafe bango yana salati. Ko Hajiya ta ɗago daga sujada, ɗaki ya shiga juya mata. Idan aka tambaye su, kalma ɗaya za su faɗa: jiri. Nan take a aika yaro kemis ya sayo maganin ƙarin jini, wani ya ce ai shekaru ne, a ci gaba da haƙuri wata uku, wata shida, har shekara.

Haƙurin nan yana da tsada. Kusan mutum uku cikin goma na waɗanda suka haura shekara 65 suna fama da jiri ko tangaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Tsohon da ya karye a ƙugu a bakin banɗaki, sau da yawa ba ya sake taka ƙafarsa zuwa masallaci.

Tambayar farko da likita zai yi ita ce: wane irin jiri? Akwai hajijiya, inda mutum ke ganin duniya tana juyawa. Akwai duhun ido da jin kamar za a suma. Akwai kuma tangaɗi, kai lafiya ƙalau amma ƙafa ba ta tsayawa. Kowanne inda yake nunawa daban.

Hajijiya galibi daga can cikin kunne take fitowa. A kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai ya motsa. Kusa da su akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam, waɗanda ƙwayar yashi ma ta fi su girma nesa. Idan shekaru suka ja, ko aka bugu a kai, wasunsu sukan ɓalle su faɗa cikin bututun. Daga nan da zarar mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya, sai su gangara su kaɗa ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana wulwula shi. Shi ya sa masu wannan lalura kan fara lura da ita a ruku'u da sujada. Alamarta ita ce gajarta: ba ta cika kai minti ɗaya ba, sai dai tana dawowa duk lokacin da aka maimaita motsin.

Likitoci suna kiranta BPPV, kuma maganinta ba ƙwaya ba ce. Tun 1952 wasu likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka fito da gwajin gane ta: a karkatar da kan majiyyaci gefe, a kwantar da shi da sauri, a duba yadda ƙwayar idonsa ke rawa. A 1992 kuma wani likitan kunne ɗan Amurka, John Epley, ya wallafa dabarar juya kai daki-daki har tsakuwoyin su koma mazauninsu. Aikin bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba, kuma kimanin mutum takwas cikin goma suna samun sauƙi a zama ɗaya ko biyu. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro da masu gashin ƙashi a manyan asibitoci sun san ta. Abin takaici ne a ce tsohuwa ta shekara tana tsoron juyawa a katifarta kan abin da bai wuce haka ba.

Idan hajijiyar tana kai minti 20 zuwa sa'o'i, ga ƙara a kunne, ga ji yana raguwa, to ana zargin ciwon da likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861. Rage gishiri na cikin matakan farko.

Duhun ido kuwa batun jini ne. Idan mutum ya miƙe tsaye, jini yakan taru a ƙafa, jijiyoyi su matse nan da nan su tura shi sama. A jikin tsoho wannan aiki yana yin nawa. Ana gane shi da awon hawan jini sau biyu, a kwance sannan a tsaye: idan lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku, an samo bakin zaren. Sau da yawa laifin yana cikin ledar magungunan gida: na hawan jini, masu sa fitsari, na kumburin prostate irin su tamsulosin, da na barci. Zafin Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, ga azumi, ga ƙarancin shan ruwa, duk suna ƙara ta'azzara shi. Kada majiyyaci ya daina maganin hawan jini da kansa. A kwashi ledar gaba ɗaya, har da na gargajiya, a kai wa likita ya daidaita. Kafin nan, a zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin a miƙe.

Ƙarancin jini yana sa jiri, gaskiya ne, amma awo ke tabbatar da shi. A wurin tsoho yakan zama jini ne ke tsiyaya a hankali daga ciki, musamman ga mai yawan shan diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon gwiwa. Baƙin bayan gida alama ce, kuma kwalbar ƙarin jini ba ta toshe ƙofar da jinin ke fita. Mai ciwon suga kuma, idan jirin ya zo da gumi da karkarwa, a auna sugansa, wataƙila ya faɗi ne.

Tangaɗi ya fi zuwa daga haɗuwar abubuwa: yanar ido, mutuwar tafin ƙafa, raunin cinya. Aikin ido, motsa jiki, sanda, fitila a hanyar banɗaki da kujerar alwala suna rage faɗuwa ƙwarai.

Su kuwa Stugeron da Stemetil da ake yawan miƙawa a kemis, na 'yan kwanaki ne. Daɗewa a kansu yana sa tsoho magagi, yana hana ƙwaƙwalwa gyara kanta, har yakan jawo karkarwa da sandarewar jiki.

Akwai jirin da ba a kwana da shi a gida. Idan ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, harɗewar harshe, ganin abu biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, kasa tsayuwa, matsanancin ciwon kai, ciwon ƙirji ko suma, to ana tsoron shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya. A nemi mota a kai shi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.